Shekarar da Na'ura Ta Yi wa Yaya Sale Shaidar Zur

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta yi gaba da shi. Ina koyar da aikin ordinater, wato kwamfuta, a Damagaram, a ɗaki mai sanyi wanda wutarsa ba ta cika ɗaukewa ba, kuma ɗalibaina ba su rasa abin karyawa da safe. Duk da haka, idan sama ta yi irin wannan rowa, nakan tuna wata shekara da ta wuce. Shekaranjiya wata ɗaliba ta tambaye ni abin da ya sa nake fara ɗora tafin hannu a bayan na'ura kafin in dubi ma'aunin da ke nuna yawan aikin da ƙwaƙwalwarta ke yi. Na ce mata sabo ne. Amsar ta fi haka tsawo, kuma a garinmu Matameye ta fara.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa. An rufe jami'a a Yamai, aka ce kowa ya koma garinsu, na dawo gida da jakar tufafi da 'yan littattafai, karatuna na na'ura a tsaye a tsakiya. Baba yana Kano cin rani, yana sayar da shayi a bakin wata tasha. Bisa al'ada da faɗuwar ruwan farko yake dawowa. A wannan shekara sai ya aiko cewa mu yi shuka, shi zai ɗan dakata a inda zai iya samun abin aikowa. Gida ya rage daga Inna, sai ni, sai yayana Sale da matarsa Hadiza da jaririyarsu.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, muka yi murna. Da asuba muka fita gona. Yaya Sale yana gaba da sungumi yana sara, mu uku muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige, jaririya a bayan Hadiza. Hantsi na yi ya wanke ƙafa ya tafi wurin aiki, mu muka ƙarasa. Gero ya tsiro, gona ta yi kore shar. Daga nan sama ta kulle. Rairayi ya yi zafin da ko da takalmi sai ka ji shi a tafin ƙafa, shukar ta nannaɗe, ta yi fari, iska ta binne ta. Muka sake shuka da wani yayyafi da bai jiƙa ƙasa ba, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Rumbunmu ya ƙare tun kafin haka. Da sassafe Inna takan bi matan unguwa daji neman tafasa da yaɗiya, kuma kullum tafiyar tana ƙara nisa don na kusa an tsinke su tas. Hadiza takan zauna da anza, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci, tana jiƙawa tana zubar da ruwa tana sake wani, don ɗacin ya ragu, amma bai taɓa fita duka ba. Yakan kwana a maƙogwaro. Ni ne mai ɗebo ruwa. Rijiyar unguwarmu ta ja ƙasa har sai da aka ƙulla wa igiya wata igiyar, guga ya fito da rabin laka. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, bayan la'asar. Idan garin rogon da Baba ya aiko ya iso, ranar akwai kwaɗo mai ɗan nauyi. Idan babu, ganye ne da gishiri. Na lura Inna takan ce ta ci a maƙwabta, ta tura wa Hadiza kwanonta saboda shayarwa. Ranar kasuwa kuwa awaki ne da tumaki cike da fili, haƙarƙari a waje, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. An fita roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye, muka dawo rana na dukan ƙeyarmu.

Ga yunwa, ga tsoro. An turo wani hafsan soja, kowa Liyetena yake ce masa, shi ke da ta cewa a kan komai. Mutane suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Idan motar sojoji ta ratso, majalisa takan watse, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Wata rana aka wayi gari da wasu takardu na sukar mulki a jikin bango, kafin azahar Liyetena ya sa aka yanke wayar tarho ta duk ofisoshin gari, aka bar tasu kaɗai. An kama mutane aka yi Damagaram da su, ba wanda ya tambayi laifinsu ko ranar dawowarsu.

Kafin wannan da 'yan kwanaki hatsin taimako ya iso, aka jibge shi a magaza, ɗakin ajiyar kaya, aka sa soja a ƙofa. In ka bi ta wurin kana jin ƙanshinsa ta ƙasan ƙofar ƙarfe. Waɗanda suka ba da hatsin sun kafa sharaɗi, ba za a buɗe ba sai na'ura ta fitar da kason kowane ƙauye da kowane gida. Sun kawo ordinater guda suka ajiye a ofishin agaji, kuma Yaya Sale ne aka koya wa aiki da ita, domin da ma shi ne mai buga tafireta a wurin.

Da farko tana aiki lafiya. Daga baya ta fara nawa. Abin da take gamawa kafin a sha shayi ya koma sai ta kai azahar tana kai, kuma da azahar ake kashe gurup ɗin da ke ba ta wuta don man ba ya isa. Wani lokaci ma ba ta kaiwa, sai ta ɗauki zafi ta mutu da kanta, a sake daga farko gobe. A waje kuwa mutanen Kance da Dawce da ƙauyukan da ke bayansu sun cika gindin itatuwan bedi, wato dalbejiya, kowa da buhunsa a ninke a hamata. Ba sa hayaniya. Shirun nasu ya fi hayaniya ban tsoro. Yaya Sale yakan dawo gida ya kasa cin ɗan abin da aka ajiye masa.

Aka turo wani ma'aikaci daga Yamai ya duba. Mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ya buɗe ma'aunin aiki ya nuna wa Liyetena. Idan ba a ba na'urar komai ba, ma'auni ya ce hutawa take. Idan aka ɗora aikin Yaya Sale, ma'auni ya ce aikin nan shi kaɗai ke cinye ƙarfinta gaba ɗaya. Saboda haka ya ce shi bai ga ciwo a jikinta ba, sai dai ko an taɓa aikin da ake ba ta. Ya hau mota ya koma. Bai ce Sale ya yi wani abu ba, amma a wancan zamani ba sai an faɗa ba.

Washegari da hantsi sojoji suka zo gidanmu. Yaya Sale yana tsugune yana wanke fuska. Ba su yi sallama ba. Ɗayansu ya ce ana zarginsa da jinkirta rabo da gangan don a tunzura jama'a a kan gwamnati. Ya miƙe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya nemi ya sa takalmi, ba su bari ba. Hadiza ta biyo su har zaure da jaririya a hannu, ba ta yi kuka ba. Maƙwabta duk suka shige gidajensu. Ban ga laifinsu ba.

Na gaya wa Inna zan je in roƙi a bar ni in duba na'urar. Ta riƙe mini riga, ta ce an tafi da ɗaya, ba za ta miƙa na biyu da hannunta ba. Na ce mata idan aka wuce da shi Damagaram, ba mu da wanda za mu je wurinsa. Sai ta saki rigar ta ce in yi alwala kafin in fita.

Liyetena yana zaune a ofishin agaji, hularsa a kan tebur. Ba babba ba ne a shekaru, idanunsa jajaye kamar wanda ba ya barci. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne da abin da na karanta. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ƙanensa ne kai, ka zo ka goge abin da ya yi?"

"Ranka ya daɗe, a sa wani ya tsaya a kaina. Ba zan goge komai ba. Awo kawai zan yi."

"In ta mutu a hannunka, mota ɗaya za ku hau kai da shi."

Ya sa wani kofur ya tsaya a bayana da bindiga. Ina jin numfashinsa, ina jin warin man bindigar. Na jawo kujera na fara dubawa.

Ranar farko ban gano komai ba. Ma'auni ya gaya mini abin da ya gaya wa mutumin Yamai. Sai dab da za a kashe gurup, na miƙa hannu bayan na'urar don in gyara wata waya, na ji ƙarfen da zafi kamar murfin tukunya. A lokacin ban ba ta aikin komai ba, ma'auni yana cewa hutawa take. Na koma gida da wannan a raina. Na biya ta inda ake tsare da Yaya Sale da ɗan kwaɗon da Hadiza ta ƙulla, mai gadi ya karɓa bai bar ni na gan shi ba.

A hanya na tuna abin da aka koya mana kafin a rufe makaranta. Ƙwaƙwalwar na'ura aiki ɗaya take iya yi a lokaci guda. A can cikin tsarin da ke tafiyar da ita akwai wani sashe mai rabon layi, shi ke cewa wannan aiki ya shiga, wancan ya jira. Shi ne kuma ke ba da labarin yawan aikin da aka yi. Amma ba ya zuba ido kullum. Akwai agogo a ciki mai bugawa sau da yawa cikin daƙiƙa, duk bugu sai ya leƙa ya ga wa ke kan ƙwaƙwalwa. Wanda ya tarar, shi yake ɗora wa duk lokacin da ya wuce tun bugun baya. In bai tarar da kowa ba, ya ce an huta. To idan akwai aikin da ke shiga da zarar an leƙa an juya, ya kuma fita kafin a sake leƙowa, ba za a taɓa ganinsa ba, ko da shi ke cinye kusan komai. Laifinsa sai ya hau kan wanda aka tarar a wurin.

Da safe na rubuta wani ɗan ƙaramin aiki. Ba abin da yake yi sai duban wani agogo mai sauri da ke cikin na'urar, ya duba, ya sake dubawa, ba tsayawa. Idan ba wanda ya ture shi, lokaci zai riƙa tafiya a jere. Idan aka ture shi aka karɓe ƙwaƙwalwa, in ya dawo zai tarar lokaci ya yi tsalle, sai ya nuna mini girman giɓin. Kofur ya tambaye ni me nake rubutawa, na yi masa bayani iya yadda zan iya. Na saki aikin ya fara. Allo ya cika da giɓi, manya-manya, a jere, kowanne yana farawa daf da bayan bugun agogo. Wani abu yana cinye mafi yawan ƙarfin na'urar, ma'auni bai sani ba.

Sai na shiga tsayar da ƙananan ayyukan da ke tafiya a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya, ina duba giɓin. Kowanne a hankali nake taɓa shi, don ban san wanda zai kashe ta ba. Gumi ya jiƙa mini riga, ga yunwa tana sa rubutun allo yana rawa a idona. Rana ta kusa tsakiya na tsayar da wani, giɓin suka ɓace ɗif. Na mayar da shi, suka dawo. Na sake tsayarwa, suka ɓace.

Na duba ko mene ne. Aikin da ke aika rahoto Damagaram ta wayar tarho ne. An tsara shi ya saurari layi kafin ya aika. Tun ranar da aka yanke waya yake farkawa ya yi ta saurare, ya gaji ya kwanta, ya sake farkawa. Wato abin da ya tsayar da rabo ya kai Yaya Sale ɗauri, umarnin mutumin da zan je in gaya wa ne.

Na zauna ina tunanin ƙaryar da zan yi. In ce zafi ne, zai ce me ya sa mutumin Yamai bai gani ba. In ce wani ya taɓa, sai an nemo wanin. Kofur ya ga na yi shiru, ya taɓa kujerata da takalmi ya ce in na gama mu je. A hankali ya faɗa, ba da tsawa ba.

Liyetena ya zo ya tsaya a gefena. Na nuna masa giɓin, na kashe aikin, na kunna, na sake kashewa. Ya gane da wuri, ba jahili ba ne. Ya tambayi mene ne aikin, na gaya masa. Ya tambayi tun yaushe, na ce tun da layi ya mutu. Ya juyo ya dube ni.

"Kana nufin ni na hana mutanen nan abinci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ba ta san an yanke waya ba. An ce ta saurara, take ta saurare."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce in ɗora aikin Sale yadda yake, kada in canza ko harafi. Na ɗora. Kafin ya gama zagaya ɗakin, injin bugawa ya fara ƙara, takardar kason ƙauyen farko ta fito. Ya zare ta ya karanta. Bai ce an yi kuskure ba, bai ce sannu ba. Ya ce daga yau ni zan zauna a kujerar har a gama, kuma duk wanda ya tambaye ni in ce zafi ne ya dame ta. In ya ji maganar waya a bakin kowa a gari, ya san inda ta fito. Na tambayi yayana. Ya ce in an gama.

Haka na yi kwanaki a kujerar, kofur a bayana, ina jin ana buɗe magaza, ana kiran sunayen ƙauyuka. Ko Inna ban gaya wa gaskiyar abin ba sai bayan shekaru. Ranar da takarda ta ƙarshe ta fito, da yamma, Yaya Sale ya shigo gida da ƙafarsa, ba takalmi, an aske masa kai, yana ɗingishi. Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu. Bai ba da labarin abin da aka yi masa ba, mu ma ba mu tambaya ba. In mota ta wuce a waje sai ya miƙe tsaye. Ya ce ba zai sake shiga ofishin nan ba, zai bi Baba Kano.

Kafin ya tafi, aka ce in bi kamiyon, babbar motar da za ta kai kason ƙauyuka na nesa, bayan Dawce, don in riƙa karanta sunaye. Kofur ɗin nan ne ya raka mu. Muka shiga wani ɗan ƙauye da rana tsaka, ba kare, ba akuya, ba yaro. Yawancin ƙofofi an toshe su da ƙaya. Direba ya yi ta danna oda. Da ƙyar tsofaffi suka fara fitowa, suna dafa bango. Na karanta sunaye, kusan duk wanda na kira sai a ce ya tafi, ya gaji da jira ya kwashi iyali ya tsallaka iyaka.

Wata tsohuwa ta amsa sunan gidansu. Ta dubi buhun da aka sauke mata, ta dubi hannayenta. Kofur ya rataya bindigarsa a baya, ya kama kunne ɗaya, na kama ɗaya, muka kai mata har ɗaki. Ta zauna a kan buhun, ta tambaye ni ɗan wane ne ni, na gaya mata. Ta ce 'ya'yanta biyu sun tafi Kano da matansu da jikokinta, babbansu sunansa Ɗanjuma, yana gyaran keke.

"In kana da mai zuwa can, ɗana, a gaya masa abinci ya zo. Ko yaran ya maido mini."

Na ce mata Kano da girma, amma zan faɗa. Da na dawo na gaya wa Yaya Sale yana ɗaure kayansa. Ya sa na maimaita sunan mutumin da sunan ƙauyen. Na ɗauka zai manta, ga halin da yake ciki. Ashe da ya isa, duk ranar da ba ya taya Baba a teburin shayi, sai ya bi rumfunan masu gyaran keke, unguwa-unguwa, da ɗingishinsa, yana tambaya. Ruwa ya sauka a ƙarshe, a makare, muka shuka wake don gero ya riga ya wuce. Waken yana fure Baba ya aiko da garin rogo, mai kawowa ya ce Sale ya ce a gaya mini ya samu Ɗanjuma, kuma shi da kansa ya raka shi tasha da yaran, za su koma wurin tsohuwar.